Daga Wata Huɗu Zuwa Shida: Yadda Ake Gane Ciki Na Shirin Zubewa

Da zarar ciki ya haura wata uku, sai gida ya saki jiki. Laulayi ya lafa, amai ya tsaya, mai ciki ta koma cin tuwonta, manyan mata su ce ciki ya kama. Suna da hujja, domin kusan takwas cikin kowane ɓari goma a makonni goma sha biyun farko yake aukuwa. Sai dai ana ƙiyasta cewa ciki ɗaya ko biyu cikin ɗari yana zubewa bayan an wuce wannan gaɓa. Watannin da ake magana a kansu su ne daga mako na 14 zuwa na 27 in an ƙirga daga ranar farko ta hailar ƙarshe, wato daga shigar wata na huɗu zuwa ƙarshen na shida. A ƙasar da ake haihuwar miliyoyin jarirai kowace shekara, ɗaya cikin ɗari adadi ne mai yawa, kuma da wuya ka sami unguwar da babu macen da ta rasa ɗan da ta riga ta ji motsinsa. Maganar da nake so in kafa wa hujja ita ce, ma'aunin da muka saba auna haɗari da shi, wato tsananin ciwo, yana yaudara a waɗannan watanni. Da yawa daga alamomin da suke gabatar ɓarin tsakiyar ciki ba su da zafi, kuma wadda ta ce sai ciwo ya kayar da ita za ta nemi taimako, sau da yawa takan isa asibiti bayan lokacin taimakon ya wuce. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne sauyi: abin da yau ya fita daga jiki, ko aka ji a jiki, wanda jiya babu shi.

Dalilin da ya sa wannan ɓari ya cancanci a ware shi shi ne sanadinsa daban yake. Ɓarin watannin farko, kusan rabinsa daga tangarɗar ƙwayoyin halitta ne tun lokacin da maniyyi ya haɗu da ƙwai, kuma babu likitan da yake da maganin wannan. Ɗan da ya kai wata huɗu ko biyar kuwa, galibi lafiyarsa ƙalau. Matsalar takan kasance a mazauninsa ne: bakin mahaifa da ya kasa riƙewa, ƙwayoyin cuta da suka haura daga gaba, mabiyiya da ta zauna ƙasa ko ta ɓanɓare, ƙari a mahaifa, ko wata cuta a jikin uwa irin su hawan jini, ciwon suga, sikila, tunjere da zazzaɓin cizon sauro. Mafi yawan waɗannan abubuwa ne da hannun likita yake kaiwa gare su, in an zo da wuri. Shi ya sa sanin alama a nan yake da amfanin da ba shi da shi a wata na biyu.

Mu fara da wanda ya fi kowanne shiru, wato raunin bakin mahaifa. Bakin mahaifa a rufe yake zama gam har naƙuda ta zo. A wasu mata yakan fara gajarta yana buɗewa tun daga wajen mako na 16 zuwa na 24, lokacin da nauyin ɗa da ruwansa ya fara danno shi, kuma yana yin haka ba tare da naƙuda ba. Abin da mace za ta ji kaɗan ne: nauyi a mara ko a gaba kamar wani abu yana son saukowa, ciwon ƙugu mara tsanani da ya ƙi tafiya, yawan jin fitsari, da sauyin abin da yake fita daga gaba, ko ya ƙaru, ko ya koma mai yauƙi, ko ya zo da ɗigon jini ja-ja ko ruwan ƙasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai hana ta girki, shi ya sa ake wuce su. Wani lokaci sai ta je banɗaki ta ji wani abu mai santsi ya leƙo, wanda faya ce ta biyo ta bakin da ya buɗe. Matan da ya kamata su fi kowa kula su ne wadda ta taɓa ɓari a wata na huɗu zuwa shida, musamman in ɗan ya zo da sauri kuma kusan ba ciwo, da wadda bakin mahaifarta ya taɓa yagewa a doguwar naƙuda, da wadda aka yi wa wankin ciki sau da dama, da mai ɗauke da tagwaye. Likita yana iya auna tsawon bakin mahaifa da na'urar sikanin ta gaba, kuma in ya tarar ya gajarta zuwa milimita 25 ko ƙasa kafin mako na 24, akwai abubuwa biyu da aka tabbatar suna rage haɗarin ga waɗanda suka dace: maganin furojestaron da ake sakawa ta gaba, da ɗinkin bakin mahaifa. Ɗinkin tsohon aiki ne. Shirodkar, likita ɗan Indiya, ya bayyana hanyarsa a 1955, McDonald na Ostareliya ya bayyana tasa mai sauƙi a 1957, kuma ita aka fi yi a asibitocinmu. Ana zagaya bakin da zare mai ƙarfi a ja a ɗaure, kamar yadda ake zuge bakin jaka. Ko bakin ya fara buɗewa, ana iya yin ɗinkin gaggawa, muddin faya ba ta fashe ba, naƙuda ba ta kankama ba, kuma cuta ba ta shiga ba. Waɗannan sharuɗɗa uku kuwa kwana ɗaya na jira yana iya rushe su duka.

Alama ta biyu ita ce ruwa, kuma a nan ne al'adarmu take yi mana illa ba da niyya ba. Mata da yawa sun taso da imanin cewa akwai zaƙi da yake taruwa a jikin mai ciki, wanda sai ya fita haihuwa za ta zo da sauƙi, har ana shan magani don a fitar da shi. Wasu kuma duk abin da ya fito daga gaba sanyi suke kiransa, su aika kemis. Saboda haka mace takan ga ruwa yana jiƙa mata zane a wata na biyar ta yi murna ko ta yi shiru, alhali faya ce ta huje. Fashewar faya ba dole ta zo da kwarara ba, tana iya zama ɗigo-ɗigo da ba ya tsayawa. Ruwan faya garau yake ko ya ɗan yi launin rawaya mai haske, ba shi da zarnin fitsari, kuma ba a iya matse shi a tsayar kamar fitsari. Mace tana iya yin fitsari ta gama, ta sa farin ƙyalle mai tsabta ko auduga, ta kwanta rabin awa sannan ta miƙe. In ta ji ruwa ya sake zubowa, to ta ɗauka faya ce har sai ma'aikacin lafiya ya ce ba ita ba ce. In kuwa tun farko ruwan da yawa ya zo, ba sai an tsaya gwaji ba. Haɗarin biyu ne. Ɗa yana buƙatar wannan ruwa don huhunsa ya ginu, sannan fayar ita ce katangar da ta raba shi da ƙwayoyin cutar da ke waje. Da zarar ta huje, hanya ta buɗe, kuma cutar da ta shiga mahaifa tana iya shiga jinin uwa ta kashe ta cikin 'yan kwanaki. Don haka daga wannan lokaci ba saduwa, ba matsi, ba zama cikin ruwan magani, ba mai sa hannu ya duba a gida. Babban binciken da ake kira ORACLE, wanda aka buga a 2001, ya nuna cewa ba irin wannan mace maganin kashe ƙwayoyin cuta yana jinkirta haihuwa kuma yana rage cutar jarirai, amma likita ne zai zaɓi wanda ya dace, domin akwai wanda binciken ya nuna yana cutar da hanjin jariri.

Jini kuwa kowa ya san alama ce, amma shi ma muna da hanyar rage masa nauyi. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar Hausa suke bi, ana ɗaukar cewa mai ciki tana iya yin haila, kuma littattafan fiƙihu sun ƙayyade kwanakin da za ta zauna. Wannan hukunci amsa ce ga tambayar salla da azumi, kuma malamai ne ma'abota maganarsa. Bai ce jinin ba shi da haɗari ba. Mace ta tambayi malama game da sallarta, amma a ranar ta je a duba inda jinin yake fitowa. A tsakiyar ciki babu adadin jinin da za a ce ya yi kaɗan a kula shi. Jini ja garau da ya zo ba ciwo, ya tsaya ya dawo, yana iya nuna mabiyiya ta zauna a ƙasa ta tare bakin mahaifa, kuma irin wannan mace in aka sa mata yatsa don a duba, ana iya ɓalle jinin da ba za a iya tsayarwa a gida ba. Jini baƙi-baƙi tare da ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri ya ƙi saki, yana nuna mabiyiya ta fara ɓanɓarewa daga jikin mahaifa, abin da hawan jini ko faɗuwa ko duka ko haɗarin mota kan jawo. A wannan hali jinin da ido ya gani ba ya nuna gaskiyar wanda aka rasa, domin mafi yawansa yana iya taruwa a ciki. In mace ta jiƙa ƙunzugu sharkaf cikin awa ɗaya, ko guda-guda suna fita, ko jiri yana ɗibarta, ko ta yi fari fat tana gumi mai sanyi, wannan magana ce ta minti, dare ne ko rana.

Sai ƙullewar mara. Ba kowane ciwo ne ɓari ba, kuma ya kamata a faɗi haka don kada tsoro ya hana mata barci. Yayin da mahaifa take girma, jijiyoyin da suka riƙe ta suna miƙewa, sai mace ta ji suka a gefen mara ko matsematsi in ta juya da sauri, ko ta yi tari, ko ta tashi daga zaune. Wannan sukar gajeriya ce, takan wuce cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, kuma hutu yana kawar da ita. Wanda ake tsoro shi ne mai tsari: ciki ya ɗaure ya yi tauri, ya saki, ya sake ɗaurewa, ko ciwo irin na haila da yake zuwa yana tafiya, ko ciwon baya da yake zagayowa gaba. Mace ta yi fitsari, ta sha ruwa sosai, ta kwanta a gefen hagu, ta ɗora tafin hannu a cikinta tana duba agogo. In ya ɗaure sau huɗu ko fiye cikin awa ɗaya kuma bai lafa ba, ta tashi a tafi, ko da ba ya mata zafi. In ya haɗu da jini ko ruwa ko nauyi a gaba, ba ta buƙatar cika awar.

Zazzaɓi ya fi kowace alama samun raini a wurinmu, saboda mun saba da shi. Amma zafin jiki da ya kai digiri 38 a jikin mai ciki ba abin da za a sha farasitamol a kwanta ba ne kawai. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro suna taruwa a mabiyiya, suna cinye jinin uwa, suna rage abin da yake isa ga ɗa, kuma mai cikin fari ce ta fi shan wahalarsu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba mai ciki maganin rigakafin da aka sani da Fansidar tun daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku, tare da kwana cikin gidan sauro mai magani. Cutar mafitsara ita ma tana tayar da naƙuda, kuma tana iya haurawa ƙoda: zafin fitsari, ciwo a kwiɓi, rawar ɗari. Wani lokaci ƙwayoyin suna cikin fitsarin ba tare da wata alama ba, sai awo ya gano su. Zazzaɓi tare da ruwa mai wari daga gaba da ciwo in an taɓa ciki yana nuna cutar ta riga ta shiga mahaifa, kuma wannan shi ne mafi muni. Tunjere kuwa tana kashe ɗa a ciki ba tare da uwa ta ji komai ba, alhali gwajin jini ɗaya yana gano ta, allurar fenisilin kuma tana maganinta, da sharaɗin a yi wa miji shi ma. A kiyayi magungunan ciwo irin su ibuprofen da diklofenak da ake saya barkatai, domin daga mako na 20 suna iya taɓa ƙodar ɗa su rage ruwan faya.

Daga mako na 20 kuma hawan jinin ciki yana iya kunno kai. Alamominsa ciwon kai mai tsanani da ya ƙi magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko bakin ciki wanda akan ɗauka gyambon ciki ne, da kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya. Awon da ya kai 140 bisa 90 ya isa a sa ido. Ƙarshen wannan hanya jijjiga ce, wadda har yanzu wasu suke kai wa mai ruƙiyya kafin asibiti, alhali akwai allurar magnesiyom salfet da take tsayar da ita.

Motsin ɗa yana buƙatar natsuwa wajen bayani. Mai cikin fari takan fara jin motsi wajen mako na 18 zuwa 20, wadda ta taɓa haihuwa tun wajen na 16, kuma in mabiyiya ta zauna ta gaban mahaifa yana iya jinkirta. A farkon lamari motsin ba shi da tsari, yau a ji, gobe a ji kaɗan. Amma in aka kai mako na 24 ba a taɓa jin komai ba, a je a saurari bugun zuciyarsa. In kuma mace ta riga ta san lokutan da ɗanta yake motsi sai ta ji ya ragu sosai ko ya yi tsit, ta je a ranar, kada ta ce bari a ga gobe. Akwai ɓarin da ba ya zuwa da jini ko ciwo ko kaɗan: ɗa ya rasu, mahaifa ta ci gaba da riƙe shi. Abin da za a lura da shi shi ne ciki ya daina girma, alhali a mako na 20 ya kamata saman mahaifa ya kai cibiya, nono ya saki, wataƙila da ɗan ruwa mai launin ƙasa. A nan ne ake cewa ciki ya kwanta, a shiga neman maganin tayar da shi wata da watanni. Na'urar sikanin tana warware wannan cikin minti biyar: ko akwai ɗa mai bugun zuciya, ko akwai wanda ya rasu, ko kuma babu ciki, wani abu ne daban kamar ƙari. Barin mataccen ɗa makonni a mahaifa yana iya lalata ƙarfin daskarewar jinin uwa, ta zo ta yi zubar jinin da ba ta tsayawa.

Mai karatu zai iya cewa, in an bi wannan magana ai kullum muna hanyar asibiti, ga kuɗin mota, ga layi, ga kuɗin sikanin, kuma sau da yawa a ce ba komai. Gaskiya ne cewa da yawa daga masu zuwa da ɗigon jini ko ciwon mara za a sallame su lafiya. Amma alamomin da na ce a tashi dominsu ƙididdigaggu ne: jini, ruwa, nauyi a gaba, ɗaurewar ciki mai tsari, zazzaɓi, ciwon kai da dishi-dishi, da shirun ɗa. Gajiya, ƙwannafi, taurin bayan gida, ɗan kumburin ƙafa da yamma da farin ruwa mara wari mara ƙaiƙayi da bai sauya ba, duk suna iya jiran ranar awo. Sannan a auna asarar biyu. Zuwan da bai zama dole ba kuɗin adaidaita sahu ne da yini guda. Rashin zuwan da ya zama dole kuwa yana iya zama ledojin jini, tiyata, makonni a gado, ko gawa biyu. Babu mace, kome gogewarta da haihuwa, da za ta iya gane tsawon bakin mahaifarta ko mazaunin mabiyiyarta daga ɗaki.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi, kuma ban ga amfanin kauce masa ba. Ana cewa ɗan wata biyar ko an je asibiti ba ya rayuwa, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, to wahalar me? Rabin maganar gaskiya ce. A Najeriya mako na 28 ake ɗauka a matsayin gaɓar da ake sa ran jariri ya rayu a waje, ƙasashe masu ƙarfin kayan aiki suna ceto wasu tun daga mako na 22 zuwa 24, kuma akwai cikin da ko an zo a minti na farko ba zai tsaya ba. Likitan kirki ba zai yi alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Amma manufar zuwa ba a ciro ɗan wata biyar a raya shi ba ce, a tsawaita zamansa a ciki ne, kuma kowane mako da aka samu yana ƙara masa dama. Cikin da ya so zubewa a mako na 22 aka riƙe shi zuwa na 30 ya zama bakwainin da ake goyo. Daga mako na 24, inda akwai kayan kula da jarirai, ana yi wa uwa allurar da take gaggauta ƙosawar huhun ɗa. Ko an rasa ɗan kuma, uwar tana nan, kuma ɓarin waɗannan watanni ya fi na farko haɗari gare ta nesa ba kusa ba, domin mabiyiya takan maƙale, jini ya ɓalle, ragowar da ta zauna ta ruɓe. Game da ƙaddara kuwa, malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa riƙo da sababi ba ya cin karo da tawakkali, kuma neman magani yana cikin abin da addini ya yi umarni da shi.

Wasu kuma sukan ce magani shi ne ta kwanta kada ta motsa, a jiƙa mata saiwa. Hutu yana da daɗi ga mai ciki, kuma ina goyon bayan a ɗauke mata daka da ɗibar ruwa, amma binciken da aka yi bai nuna cewa kwanciya a gado tana hana ɓari ba, doguwar kwanciya ma tana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Jiƙe-jiƙe kuwa babu mai sanin ƙarfin abin da ke cikin kofin, wasunsu mahaifa suke matsawa. Babbar illarsu ita ce lokacin da suke ci. Kuma tunda an zo nan, a daina ɗora wa mace laifi. Shara, girki, tafiya kasuwa, ko saduwa da miji a cikin da ba shi da matsala ba sa zubar da ciki, kuma macen da take tsoron a ce ita ta jawo ita ce take ɓoye jinin da ta gani.

Ɓoyewar nan ita ce asalin matsalar. A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine sun bayyana jinkiri uku da suke kashe mata masu ciki: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gida yake. Yarinya mai cikin fari tana kunyar ta ambaci cikin ma, balle ta gaya wa uwar miji cewa ruwa yana zubo mata. Wata ta faɗa, amma maigida yana kasuwa ko ya yi tafiya, ba mai ikon cewa a fita. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mata 18 cikin ɗari ne kawai a Najeriya suka fara awo a watanni ukun farko, kuma 39 cikin ɗari ne suka haihu a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Maganin jinkirin farko ba ya cin ko kwabo. Maigida ya faɗa tun yau, a gaban mahaifiyarsa da matarsa, cewa in an ga ɗaya daga alamomin nan a tafi ko ba ya nan, izininsa yana tare da su. A ware kuɗin mota a wuri sananne, a riƙe lambar direba, a san wanda zai iya ba da jini. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin ɗaukar mata masu ciki a halin gaggawa, ya kamata a tambaya a tasha tun kafin buƙata ta taso. Uwar miji ko yaya ko kishiyar kirki kuma ta riƙa tambayar yarinya kai tsaye a keɓe, domin ita ba za ta fara ba.

In an isa asibiti, kada a bi layin awo, a nufi ɗakin haihuwa ko sashen gaggawa. A faɗi magana a fili: cikin wata nawa ne, me aka gani, tun ƙarfe nawa, ƙyalle nawa aka jiƙa, an taɓa ɓari ko tiyata, me aka sha a gida. Kada a ɓoye jiƙon da aka sha don tsoron faɗa. A riƙo katin awo da hoton sikanin na baya, da ƙyallen da ya jiƙe in zai yiwu. Abin da ya kamata a yi mata shi ne awon jini da zafin jiki, sauraron zuciyar ɗa, gwajin fitsari da na zazzaɓin cizon sauro, awon yawan jini da rukuninsa, duba bakin mahaifa da ƙarfen dubawa mai tsabta, da sikanin. In ƙaramin asibiti ne da ba shi da waɗannan, a nemi takardar turawa zuwa babba nan take, kada a kwana ana ƙarin ruwa ana jira. Macen da jininta Rh nagetif ne tana buƙatar allurar anti-D cikin awa 72 bayan zubar jini ko ɓari, don kare cikin da zai biyo baya.

In cikin ya zube a gida ko a hanya, har yanzu zuwa asibiti wajibi ne, ko da jini ya lafa. Kada a ja cibiya don a fitar da mabiyiya. A naɗe abin da ya fito a tafi da shi don a tabbatar ba a bar komai ba, a karɓo shi daga baya a yi masa sutura. A kwanakin da suka biyo, zazzaɓi, wari, ciwon mara mai ƙaruwa ko jinin da ya dawo da ƙarfi suna nufin a koma. Ruwan nono yana iya zuwa bayan kwana biyu ko uku, abin da yake ƙara wa uwa ƙuna, kuma akwai maganin da yake tsayar da shi in ta nema. Tana buƙatar ta'aziyya irin ta wadda ta rasa ɗa, domin ɗa ta rasa, kuma in baƙin ciki ya hana ta ci da barci makonni, wannan ma abin kai wa likita ne. Kafin a bar asibiti a tambayi abin da ake zaton ya jawo, a rubuta makon da abin ya faru da yadda ya fara, da ciwo ko ba ciwo, ruwa ne ya riga ko jini. Wannan bayani shi ne zai ja ragamar ciki na gaba. Wadda hawan jini ya yi wa sanadi ana iya ɗora ta a kan ƙaramin asfirin daga wajen mako na 12, mai ciwon suga a daidaita shi tun kafin ta sake ɗauka, wadda tarihinta ya nuna raunin bakin mahaifa kuma a yi mata ɗinki tsakanin mako na 12 da na 14, kafin bakin ya fara buɗewa. Ana cire zaren a mako na 36 ko 37, ko da zarar naƙuda ta fara, kuma mata da yawa da suka yi ɓari biyu ko uku a jere a wata na biyar sun kai ga haihuwa ta wannan hanya, da sharaɗin sun fara awo tun ciki bai cika wata uku ba.